Na'urar da ke bi da intanet ta wayar wutar gida, za ta yi min aiki kuwa?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: gidansa bene ne, rauta tana falon ƙasa inda kamfani suka shigo da layin, ɗakin da yake aiki kuma yana sama can ƙarshe, waifai ba ya kaiwa sai sanda ɗaya, ita ma tana zuwa tana ɗaukewa. Ya ga wasu adafta guda biyu a kwali da ake sokawa a soket ɗin wuta, wai suna bi da intanet ta wayar lantarkin gida, an rubuta 1000 ɓaro-ɓaro a jikin kwalin. Yana so ya san gaskiya ne, ya saya ko ya haƙura.

Toh malam, abin gaskiya ne ba damfara ba ce, na sa shi a gidaje da ƙananan ofisoshi ba ɗaya ba ba biyu ba, wani wurin ya yi aiki shekara da shekaru ba wanda ya ƙara tunawa da shi, wani wurin kuma kwana biyu aka yi muka mayar da shi kwalinsa. Kuma abin da zai ba ka mamaki na'ura iri ɗaya ce, kamfani ɗaya. Bambancin duk daga wayarin ɗin gidan yake. Wannan shi ne abin da nake so ka riƙe tun kafin mu yi nisa, adaftar ba ita ce hanyar ba, wayar da ke binne a bangonka ita ce hanyar, ita kuwa lokacin da aka ja ta ba wanda ya yi tunanin za a ɗora mata intanet.

Bari in fara da yadda abin yake aiki don sauran bayanin ya zauna maka. Za ka soka ɗaya a soket kusa da rauta, ka haɗa su da ɗan guntun kebul ɗin netwok, ɗayar kuma ka kai ta ɗakinka na sama ka soka, ka ja kebul daga jikinta zuwa kwamfuta, shikenan. Wutar gida tana kaiwa da komowa sau 50 a sakan ɗaya, wasu ƙasashen kamar Amurka sau 60, wato a hankali take kaɗawa ƙwarai. Ita kuma adaftar sai ta ɗora wani siginal mara ƙarfi mai kaɗawa sau miliyoyi a sakan a kan wayar nan ɗaya, daga wajen megahaz 2 zuwa 30, sababbin har 86 suke kaiwa, saboda nisan da ke tsakaninsu ne ya sa wutar da saƙon ba sa cakuɗewa. Kuma ba bututu ɗaya take turawa ba, tana raba wannan faɗin gida ɗaruruwa, ta auna kowanne ta ga wanda yake da tsafta ta loda masa kaya da yawa, wanda hayaniya ta cika ta rage masa ko ta ƙyale shi gaba ɗaya, kuma wannan awon kullum cikin yinsa take, firji ya tashi ta sake lissafi, an kunna injin wanki ta sake. Shi ya sa za ka ga saurin da safe daban da daddare daban. Kada ka ji tsoron wuta ta biyo kebul ta shiga kwamfutarka, ɓangaren wuta da ɓangaren netwok a rabe suke a cikinta.

Abu biyu da mutane ke yawan kuskure a kai tun daga farko. Ita ba ta ba da intanet da kanta, ba ta kuma ƙara maka saurin da kamfani ya sayar maka, ɗauko shi kawai take daga wannan ɗaki ta kai wancan. Sannan dole rautarka ta kasance tana da ramin da ake soka kebul, in irin ƙaramar nan ce ta aljihu mai batir da ba ta da rami to maganar ma ba ta taso ba.

Yanzu 1000 ɗin nan na jikin kwali, wanda shi ne ya ja hankalinka. Ba za ka same shi ba, ko kusa. Lambar nan megabit ce a sakan, wato ma'aunin saurin intanet, kuma ita ce iyakar abin da na'urorin biyu za su iya a kan waya gajeriya mai tsafta, kafin a cire duk abin da ke tafiya wajen gyaran kurakurai da kulle saƙo da jiran layi, kuma wayar wuta hanya ɗaya ce kowa yake bi, in ɗaya tana magana dole ɗayar ta saurara, ba kamar kebul ɗin netwok ba da ake aikawa ana karɓa a lokaci guda. A gida na gaske in ka samu kashi ɗaya cikin uku na abin da aka rubuta ka gode Allah, tsakanin bene da ƙasa sau da yawa ma bai kai haka ba. Akwai wani abu kuma da yake ɓata min rai, da yawa daga cikin masu rubutun 500 ko 600 ramin kebul ɗin da ke jikinsu na megabit 100 ne kacal, wato ko wayarin ɗinka na zinare ne ba za ka wuce 94 ko 95 ba, don haka juya kwalin ka karanta ƙananan rubutun, ka tabbatar ramin na gigabit ne, wato megabit 1000. Amma fa kada wannan ya kashe maka gwiwa, ka tambayi kanka nawa kake buƙata. Kiran bidiyo megabit ƙalilan yake ci, fim mai ingancin 4K wajen 25 ya ishe shi. Wanda yake fama da sanda ɗaya in ya samu 50 tsayayye mara yankewa ai kakarsa ta yanke saƙa.

Sunayen da za ka gani a kwali suna da amfani don ba kowacce ke jin yaren kowacce ba. Na farko da ya yaɗu shi ne HomePlug 1.0 na shekarar 2001, megabit 14 kawai, wannan ya zama tarihi kada ka saya ko kyauta aka ba ka. HomePlug AV ya zo a 2005 da 200 a rubuce, hukumar IEEE ta fitar da ƙa'idarta mai lamba 1901 a 2010, sannan AV2 ya zo a 2012, shi ne yawancin masu rubutun 1000 da 1200 da 2000 ɗin nan na TP-Link da Netgear da sauransu. AV da AV2 suna haɗuwa su yi aiki tare, sai dai tsohuwar za ta ja sabuwar baya a tsakaninsu. Akwai kuma wani gida daban da ake kira G.hn, na hukumar sadarwa ta duniya ITU, irin wanda Devolo ke amfani da shi a jerin na'urorinsu na Magic, shi sam ba ya magana da HomePlug, in ka haɗa su a gida ɗaya ma damun juna za su yi tunda waya ɗaya suke rububi. Shawarata kullum, sayi biyun a kwali ɗaya, in za ka ƙara ta uku nan gaba ka nemo irinsu sak.

Masu rubutun 1200 zuwa sama yawanci suna da wata dabara, maimakon waya biyu kawai ta laif da nitiral, suna haɗawa da ta uku wato wayar ƙasa da masu wayarin ke cewa at, sai su samu hanya biyu a lokaci guda. Wannan yana taimakawa sosai a nesa, amma sai in da gaske akwai wayar at a soket ɗin kuma an ɗaura ta. Na sha buɗe soket mai rami uku in tarar ramin na uku ba komai a bayansa. In gidanka haka yake, kuɗin da ka ƙara don babbar lamba a banza ya tafi, kuma wannan ma ƙaramar matsala ce a kan haɗarin da rashin at ɗin yake da shi ga mutanen gidan, ka kira mai wayarin ya duba.

Mu zo kan abin da zai yanke hukunci a gidanka, nan ne nake so ka natsu. Siginal ɗin ba ta cikin bango yake ratsawa kai tsaye daga falo zuwa ɗakinka ba, bin waya yake. In soket ɗin falo da na ɗakin sama ba layi ɗaya suke ba, kuma a gidan bene da wuya su zama ɗaya, to sai ya tafi har akwatin rabon wuta, ya ratsa bireka, ya shiga wata birekar, sannan ya hau sama, ɗakunan da ka ga taku ashirin ne tsakaninsu a waya yana iya zama ninki uku, kuma kowane mahaɗi da kowane reshe yana cinye wani abu daga ƙarfinsa. Kamfanoni suna rubuta mita 300, wannan tsawon waya suke nufi ba tsawon gida ba, kuma a can ƙarshen abin da ya rage kaɗan ne. Waya tsohuwa, mahaɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da tef, soket mai sako-sako da ya yi baƙi, duk suna rage shi.

Babban abin dubawa a gidan bene shi ne fes. Manyan gidaje da yawa wuta mai fes uku ake shigo musu da ita, wato layukan wuta uku daban-daban, sai mai wayarin ya raba, ƙasa a kan ɗaya sama a kan wani don nauyi ya daidaita, wanda daidai ne a aikin wuta, amma ga adaftarka yana nufin babu waya ɗaya da ta haɗa su kai tsaye. Siginal yana iya tsallakawa a inda wayoyin suka jeru kusa da juna, don haka wani lokacin yana haɗuwa amma da rauni, wani lokacin fitilar jikin adaftar ma ba za ta kama ba. Akwai na'urar haɗa fes da ake ɗaurawa a akwatin rabo don wannan, sai dai aikin ƙwararren mai wayarin ne, kada ka buɗe akwatin nan da kanka don Allah. Haka kuma in gidan yana da inbata ko janareta kuma an ware wasu soket a kansu wasu a kan wutar layi, to ka ɗauka gida biyu ne, siginal ba ya ratsa cikin inbata daga wannan gefe ya fita wancan, dole adaftar biyu su kasance ɓangare ɗaya. Inbata mai arha wadda wutarta ba sumul take fita ba kuwa hayaniyar da take zubawa a waya kaɗai ta isa ta durƙusar da saurin. Akwai gidan da na taɓa zuwa, mai gidan yana cewa abin yana aiki da rana da yamma ya mutu, ashe duk lokacin da aka juya wutar zuwa ɗaya ɓangaren ne soket ɗin biyu suke rabuwa, muka canja wa ta ƙasan soket aka wuce wurin.

Sai dokar da in ka karya ta duk abin da na faɗa ya tashi a banza: a bango za ka soka ta kai tsaye. Ba a ekstenshan ba, ba a bayan sitabilaiza ba, ba a UPS ba, musamman ekstenshan mai kariyar tsawa da tace wuta, domin aikin matatar da ke ciki shi ne ta kashe duk wani abu mai saurin kaɗawa da ya biyo waya, ita a wajenta intanet ɗinka datti ne. Wallahi mafi yawan waɗanda suka kira ni cewa na'ura ba ta aiki nan matsalar take. In soket ɗaya ne da kai a wurin, sayi irin mai rami a fuskarta, ka soka ta a bango sannan ka soka ekstenshan ɗin a jikinta, wannan ramin yana da matata da ke hana hayaniyar kayanka komawa cikin waya, ni dai kullum irinta nake zaɓa ko da ta ɗan fi tsada. Illar wannan doka ita ce adaftar tana zaune ba kariya, in ana tsawa mai ƙarfi ko wuta tana hauka cire ta ya fi, ko a sa maka kariya a can akwatin rabo.

Masu hayaniyar kuma ba manyan kaya ne kaɗai ba. Firji da na'urar sanyaya ɗaki da famfon tura ruwa da duk abin da ke da mota a ciki suna yi, amma wanda ya fi ba ni wahala a aiki shi ne ƙaramar cajar waya mai arha da kwan fitila na LED marar kyau da makunnin nan mai rage hasken fitila. Caja ɗaya a soket ɗin da ke maƙwabtaka da adaftar tana iya raba saurin biyu, ka cire ta ka ga ya dawo nan take. In ka ga sauri ya faɗi, bi kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya kana cirewa kana aunawa, za ka kama ɓarawon.

Ita ma tana damun wasu, gaskiya ce a faɗa. Wayar wuta ba ta da rufin da ke tsare siginal, sai ta zama kamar eriya, kuma faɗin da take amfani da shi ya hau kan na rediyo mai gajeren zango, wanda yake tsakanin megahaz 3 zuwa 30. An toshe mata wuraren masu rediyon sha'awa, amma in akwai mai sauraron gajeren zango a gidan yana iya jin shuuu da ƙara-ƙara kusa da ita. In kuma intanet ɗinka ta wayar tarho yake shigowa, irin VDSL, su ma suna haɗa faɗi, kada ka bar wayar tarhon ta kwanta jikin wayar wuta, wasu na'urorin ma suna da saitin rage wannan rikici. Mai faiba ba ruwansa da wannan.

Maganar tsaro kada ka yi wasa da ita. Saƙon a kulle yake tafiya da tsarin kulle saƙo na AES mai bit 128, wannan ba laifi, matsalar ita ce na HomePlug da yawa daga masana'anta da kalmar sirri ɗaya suke fitowa, HomePlugAV, shi ya sa da ka soka su suke ganin juna ba ka taɓa komai ba. Mitar wuta kuma ba katanga ba ce, taransifoma ce ke tare siginal da gaske, don haka a gidan haya mai ɓangarori ko maƙwabta na jikin juna, in maƙwabcin ma yana da irinta bai canja ba kuna iya tsintar kanku a netwok ɗaya, ya sha intanet ɗinka ko ya ga kayan da ke kan netwok ɗinka. Maganin minti ɗaya ne, akwai ɗan maɓallin haɗawa a jiki, ka danna na ɗaya kamar sakan guda, cikin minti biyu ka danna na ɗayar, sai su ƙirƙiri sabon makulli nasu su kaɗai. Ka yi wannan suna ɗaki ɗaya kafin ka kai ta sama, kuma kada ka danne maɓallin ya daɗe don a wasu hakan fitar da ita yake daga haɗin, duba takardar da ta zo da ita.

Tunda ka ce aiki kake a ɗakin, in kwamfuta ce kawai mai kebul ta ishe ka. In kana so waya ma ta samu, akwai wadda ta saman take da waifai a jikinta, ka sa mata suna da kalmar sirri iri ɗaya da na rautar ƙasa don waya ta riƙa komawa da kanta. Wutar da suke ci kaɗan ce, wat ƙalilan kowacce. Suna da wani yanayin barci na tsimin wuta in an daɗe ba a amfani da su, wasu ba sa farkawa da kyau sai ka ga intanet ya ɗauke sai an cire an mayar, in ka ga haka shiga manhajarsu ka kashe shi, ka kuma sabunta musu manhajar ciki.

To in saya ko in haƙura? Ga yadda zan yi in ni ne. Da farko zan kalli gidan da kyau in ga ko da gaske kebul ba zai ja ba, domin kebul ɗin netwok irin Cat5e ko Cat6 yana kai gigabit cikakke har mita 100, ba ruwansa da firji ko fes, kuma sau da yawa ya fi adaftar arha, mutane suna gudunsa ne saboda huda bango da muni, alhali ana iya bi da shi ta waje ta taga a cikin bututu ko ta gefen matakala a rufe shi tsaf. In gidan haya ne an hana huda, ko kuma ba hali, sai in duba ko akwai wayar eriyar talabijin da aka riga aka ja zuwa ɗakin, akwai adaftar MoCA da ke bi ta ita, ta fi ta wuta sauri da natsuwa nesa ba kusa ba saboda ita wayar don siginal aka yi ta. Waifai mai tashoshi da yawa da ake cewa mesh yana da kyau, amma dakin ɗin kankare mai rodi da ke tsakanin sama da ƙasa shi ne dai abin da ya tare maka waifai tun farko, su ma tashoshin ta cikinsa za su yi magana. A irin wannan hali ne adaftar wuta take da ranarta, kuma halinka ya yi kama da shi.

Don haka saya, amma a wurin da suka yarda ka mayar in bai yi ba, wannan sharaɗin ya fi min kowace lamba ta jikin kwali, don ni kaina ba zan iya ce maka zai yi ba sai an soka an gani. Ka ɗauki AV2 ko G.hn mai ramin gigabit mai soket a fuska, ka duba filoginta ya dace da soket ɗinka ba sai da wani mahaɗi ba. Ranar da ka kawo ta, fara auna saurin da kebul a jikin rauta don ka san abin da kamfani ke ba ka, sannan ka soka biyun a falo ka haɗa su ka auna, wannan zai nuna maka na'urar lafiya take, sannan ka hau da ita sama ka gwada kowane soket na ɗakin har da na baranda ko na ɗakin da ke kusa, za ka sha mamakin yadda soket biyu a ɗaki ɗaya suke bambanta, ta ƙasan ma ka canja mata wuri ka gani. Kada awon safe ya ruɗe ka, ka sake da daddare lokacin da komai na gidan yake kunne, ka yi kiran bidiyo na rabin awa ka ga ko yana tsinkewa, in akwai inbata ka gwada a kanta ma. In ta riƙe kwana uku a haka ka bar ta, in ka ga tana yankewa ko saurin bai fi sandar nan ɗaya da kake da ita ba kada ka ɓata kuɗi wajen sayen mai babbar lamba da fatan za ta gyara, mayar musu ka kira mai jan kebul. In ka samu dama ka tambayi wanda ya yi wayarin ɗin gidan ko sama da ƙasa fes ɗaya suke, ka turo min amsar tare da abin da awon ya nuna maka, sai mu ga soket ɗin da ya fi dacewa.